Bekin Soda a Cikin Gida: Aikinta a Kan Kaya da Haɗarinta a Jikin Jariri



Shugabar taro, iyayenmu mata, ungozomomi, malaman asibiti da suka yanki lokaci daga aikinsu suka zo, da 'yan'uwa maza da ke zaune daga baya, ina yi muku barka da zuwa.

An ba ni magana a kan bekin soda, wannan farin garin da ake sayarwa a shagon kayan kek ko a ƙulle a leda a kasuwa. Wani zai ce abu ƙanƙani haka ya isa a tara jama'a a kansa? Ya isa. A 'yan shekarun nan wayoyinmu sun cika da bidiyoyin da ke cewa ita ce maganin komai: ta wanke tukunya, ta haska fata, ta kwantar da cikin jariri, har ma wai ta warkar da ciwon daji. Wasu daga cikin maganganun gaskiya ne, wasu ƙarya ne marasa cutarwa, wasu kuma suna iya kai yaro asibiti. Matsayina zan faɗa tun da wuri: bekin soda aba ce mai albarka a kan kaya, wato tukunya da tufafi da firji. Jikin jariri kuwa, cikinsa da fatarsa, ba wurinta ba ne.

Kada mu ɗauke ta baƙuwa. 'Yar'uwar kanwa ce ta jini. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, wadda fatake suka daɗe suna kaiwa Gwanja su sayo goro, tana ɗauke da wannan sinadarin a cikinta, gauraye da wani da ya fi shi ƙarfi, da gishiri, da ƙasa. A jihar Wayomin ta Amurka akwai irin wannan dutsen kwance a ƙarƙashin ƙasa, mafi yawa a duniya, kuma daga shi suke tace mafi yawan bekin sodarsu. Wasu ƙasashen kuma haɗa ta suke yi a masana'anta daga gishiri da farar ƙasa, bisa hanyar da wani ɗan Beljiyam, Ernest Solvay, ya fito da ita a shekarun 1860. A 1846 ne wasu mutum biyu, John Dwight da Austin Church, suka fara yin ta don sayar wa matan gida a Amurka. Bambancinta da kanwa shi ne an tace ta, ƙarfinta ɗaya ne yau da gobe. Kanwa kuwa wannan dunƙulen daban, wancan daban, shi ya sa uwargida take jiƙa ta ta ɗanɗana kafin ta zuba.

Masana sinadarai suna da ma'auni daga sifili zuwa 14. Ruwa zalla yana tsakiya, a kan 7. Abin da ya yi ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kamar lemon tsami da tsamiya da nono. Abin da ya haura yana ɓangaren kanwa, kamar ruwan toka da sabulu. Bekin soda tana wajen 8 da ɗan ɗigo, wato ta ɗan leƙa ɓangaren kanwa kaɗan. Ku riƙe wannan lambar, za mu buƙace ta anjima.

Duk abin da take yi a gida daga halaye uku yake fitowa. Tana kashe tsami. Idan ta haɗu da tsami ko zafi tana fitar da iska, irin kumfar da kuke gani. Sannan ƙwayoyinta suna da ɗan kaushi mai laushi, suna kankare datti ba tare da sun karce kwano ba.

Mu shiga kicin. Shinkafa ta kama, gindin tukunya ya yi baƙi ƙirin, kin kankare da cokali har hannu ya gaji. Zuba ruwa ya rufe ƙanzon, ki sa babban cokali biyu na bekin soda, ki mayar kan wuta ya tafasa na minti goma ko sha biyar. Za ki ga ruwan ya koma kalar shayi, baƙin yana ɗagowa ɓawo-ɓawo daga gefe. Ki sauke, ki bari ya huce, soso kawai zai ƙarasa aikin. Dalili shi ne tafasa tana juya ta zuwa sodar wanki, wadda ta fi ta ƙarfi wajen narka maiƙo. Amma wannan na tukunyar silba ce da kwanon samira. Tukunyar alminiyam, irin wadda maƙeranmu suke zubawa, soda tana cin fuskarta ta bar ta dishi-dishi, wani lokaci har ta yi baƙi. A nan soson ƙarfe da kika saba ya fi.

Filas ɗin shayi da ya yi ja a ciki, kular abinci da ta riƙe warin miya, robar da aka ajiye nono: ruwan ɗumi da cokali ɗaya, a bar shi ya kwana, a ɗauraye. Warin da take kashewa da gaske shi ne mai tsami, irin na madarar da ta lalace ko gumi. Ƙarnin kifi kuwa lemon tsami ya fi ta iya shi. Ajiye ta a buɗe cikin firji yana ɗan taimakawa, amma ku sani kamfanin Arm & Hammer ne ya yayata wannan dabarar a tallarsa ta 1972, kuma ba ta maye gurbin fitar da abin da ya ruɓe a wanke firjin.

Akwai wani abu da bidiyoyi suke so ƙwarai, wato a haɗa ta da ruwan khal ko lemon tsami ta yi ta kumfa. Kumfar tana da ban sha'awa, amma abin da ke faruwa shi ne ɗaya yana kashe ɗaya, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. In za ki yi amfani da su, kowanne a lokacinsa. Ruwan bilic irin su Hypo kuwa, kada a taɓa haɗa shi da wani abu mai tsami, iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

Idan mai ya kama da wuta a kasko, kada a zuba ruwa. A kashe risho ko gas, a rufe da murfi. In wutar ƙarama ce, bekin soda mai yawa tana iya danne ta. Fulawa kuwa ƙara mata ƙarfi take yi, kada a yi kuskuren ɗauko ta don ita ma fara ce.

A girki mun riga mun san aikinta ta hanyar kanwa: wake ya nuna da wuri, kuɓewa da karkashi su yi yauƙi, ƙullin waina ya rage tsami. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Ankara suna sa ɗaya daga cikin biyun a shinkafa da wakensu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tana lalata wasu sinadaran gina jiki, musamman bitamin B1 da ke cikin wake da bitamin C da ke cikin ganye. Ga gidan da wake ne namansa, wannan asara ce. Jiƙa wake tun dare yana rage lokacin dahuwa ba tare da irin wannan asarar ba. In za a sa, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa tukunya.

Wankin kayan lambu fa? A 2017 masu bincike a Jami'ar Masacusets sun jiƙa tuffa a ruwan da aka sa bekin soda, kimanin giram 10 a lita ɗaya. Bayan minti 12 zuwa 15 kusan duk maganin feshin da ke kan ɓawon ya fita, amma wanda ya riga ya shige ciki yana nan. Wannan abin amfani ne ga tumatir da tattasai. Sai dai ba ta kashe ƙwayoyin kwalara ko taifod. Latas da kabeji da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata, soda ba ta tsarkake su.

Wannan ne ya kawo mu kan kayan jariri, kuma a nan ma tana da wurinta. Kunzugun yadi da ya riƙe zarni ana iya jiƙa shi a bokitin ruwa da cokali biyu ko uku kafin a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai har sai ruwan ya daina santsi, a shanya a rana. Katifar da yaro ya yi wa fitsari, a tsane ta da tsumma, a barbaɗa garin, a kai ta rana, in ta bushe a kakkaɓe tas kafin yaro ya sake kwanciya, don kada ya shaƙi ƙurar. Rigar da tumbuɗi ya bari da tsami, haka. Fida da ta yi warin madara tana wankuwa da ita, amma wanki daban, kashe ƙwayar cuta daban. Bayan wankin sai an tafasa fidar da bakinta na minti goma. Ni dai kofi da cokali na fi so wa yaro, don sun fi sauƙin wankewa, babu lungun da madara za ta maƙale.

Yanzu mu zo jikin jaririn kansa, inda nake roƙon iyayenmu su ba ni kunne.

Fatar mutum tana da ɗan tsami a samanta, wajen 5 da rabi a ma'aunin nan. Wannan tsamin kariya ne, yana hana ƙwayoyin cuta zama. Jariri ba a haifarsa da shi cikakke, a makonnin farko yake gina shi, fatarsa kuma ta fi tamu siranta. Ku dubi abin da ke faruwa a cikin famfas ko kunzugun da ya daɗe: fitsari ya haɗu da kashi, zarni ya tashi, wurin ya karkata ɓangaren kanwa, sai sinadaran da ke cikin kashin su farka su fara cin fata. Uwa ta kwance ta ga matse-matsin ya yi jawur, yana ƙyalli, wani wurin ya saluɓe, yaro yana tsala ihu da zarar ruwa ya taɓa shi. To wannan wurin, da ma abin da ya ɓata shi ke nan, rashin tsami. In aka barbaɗa masa bekin soda an ƙara tura shi inda ya lalace. Kuma fatar da ta saluɓe ƙofa ce a buɗe. A 1981 wata mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga labarin jaririn da aka riƙa shafa wa bekin soda a irin waɗannan ƙurajen, ta ratsa fata ta shiga jininsa har ta rikita ma'auninsa. Maganin wannan ciwo sananne ne: a yawaita canji, a wanke da ruwa zalla, a bar gindin ya sha iska, a shafa man kaɗanya mai tsabta ko basilin ko man zinc na kemis. In ya wuce kwana uku bai yi sauƙi ba, ko ya fito da ƙananan ƙuraje ja a gefe-gefe, sai asibiti, don wataƙila cutar fungus ce mai buƙatar nata maganin.

Cibiya ma haka. Ba soda, ba toka, ba man goge baki. Akwai man Chlorhexidine da hukumomin lafiya na Najeriya suka amince da shi don cibiya, a tambaye shi a asibiti tun ranar haihuwa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗura wa jariri. Yaro yana kuka da dare, yana miƙa, cikinsa ya yi tauri, uwa ba ta yi barci ba, sai wata ta ce a ɗan jiƙa soda ko kanwa a ba shi ya yi gyatsa. Mai ba da shawarar ba mugunta take nufi ba, tausayi ne. Amma ga lissafin. Ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda yana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, fiye da miligiram 1,200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai 2,000 a yini. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, abin da yake buƙata bai wuce wajen 120 ba, kuma nonon uwarsa ya riga ya ba shi. Cokali ɗaya ke nan ya ninka buƙatarsa ta yini sau goma, ga ƙoda ɗanya da ba ta iya fitar da rarar ba. Gishirin ya taru a jini, ya janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, sai a ga yaro ya yi laushi, numfashinsa ya ragu, ko ya fara jijjiga. A gida sai a ce iska ce ko tsuntsu ya kama shi, ba wanda zai tuna da abin da aka ɗura masa da daddare. Ina roƙon malaman asibiti, in an kawo muku jariri yana jijjiga, ku tambaya cikin lumana me aka ba shi a gida. In kuka yi faɗa, uwa za ta ɓoye.

Wata za ta ce ai Gripe Water da ake sayarwa a kemis ma akwai soda a ciki. Gaskiya ne, tun 1851 da William Woodward ya haɗa shi a Ingila take ciki. Amma daɗewarsa a kasuwa ba shaida ba ce cewa yana maganin kukan jariri, kuma ƙa'idar nono zalla har wata shida ba ta ware shi ba. Kukan maraice na jarirai yakan yi tsanani wajen mako shida, ya lafa da kansa wajen wata uku zuwa huɗu. A ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a goya shi, a samu mai karɓar uwar ta runtsa. In da zazzaɓi, ko amai kore, ko jini a kashi, ko ya ƙi kama nono, wannan ba kukan maraice ba ne, a tafi asibiti a daren.

Gudawa ma ana kawo ta hujja, wai ruwan gishiri da sukari na asibiti da soda ake yin sa. A da haka ne. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1975 yana da ita, giram biyu da rabi a lita ɗaya, a aune da sikeli. A tsakiyar shekarun 1980 aka canza ta da wani sinadarin, saboda a ƙasashe masu zafi da laima garin yakan lalace a cikin fakiti. Don haka kada kowa ya ƙara soda a haɗin gida. A sayi fakitin ORS, a dama shi da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14.

Wuri ɗaya zan yarda da ita a fatar yaro, shi ma yaron da ya tasa: ƙaiƙayin ƙarambau. Ɗan kaɗan a cikin bahon ruwa mai sanyi-sanyi yana rage susa. Wanka ne na ɗan lokaci, a tsane jiki, kuma a kula kada ya sha ruwan.

Uwar fa? Mai ciki ƙwannafi yakan dame ta, kuma soda tana kwantar da shi nan take, shi ya sa ake sabawa da ita. Amma likitoci suna hana masu ciki, don tana tara ruwa a jiki, ga mai hawan jini kuwa ƙarin nauyi ce. Mu nan muna da tarihin da ya kamata ya sa mu yi hattara. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun rubuta cewa ciwon zuciyar bayan haihuwa yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari a yankin, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Sun danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna akwai wasu dalilan masu ƙarfi, kamar talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki. Ban zo in soki al'adar jego ba, akwai hutu da kulawa a cikinta da matan wasu ƙasashe suke nema ba su samu ba. Amma zuciyar da ta gama ɗaukar ciki wata tara ba ta buƙatar lodin gishiri, daga kanwa ya fito ko daga soda. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko take haki in ta kwanta, a kai ta a duba.

Maganar ciwon daji kuwa gajeriya ce. Likitan Italiya da ya yaɗa ta, Tullio Simoncini, an ƙwace masa lasisin aiki, kotu kuma ta same shi da laifi a mutuwar marasa lafiyar da ya yi wa wannan magani. Haka kuma haɗa bekin soda da lemon tsami a goge fuska, ko tsarki da ita don matsi, duk rusa tsamin da ke kare wurin ne.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi duka nauyi. A kasuwarmu akwai fararen abubuwa da yawa masu amsa sunan soda. Akwai bekin hoda, wadda bekin soda ce da aka riga aka haɗa da tsaminta da sitaci don kek. Akwai sodar wanki, wajen 11 a ma'auni. Sannan akwai sodar sabulu, wadda ake kira kostik, tana kaiwa 14. Kowane mataki a wannan ma'auni ninki goma ne, don haka tsakanin 8 da 14 tazara ce ta ninki miliyan. Kama da wane ba ta wane.

Yanzu mata da yawa sun koyi haɗa sabulun ruwa, sana'a ce mai kyau, ina goyon bayanta. Amma ku dubi yadda ake yi. A jiƙa kostik tun dare a bokiti ko a gorar ruwan sha, a ajiye a gindin gado ko bayan ƙofa. Da safe ta narke tas, ba kala, ba wari, sak ruwa. Yaro ɗan shekara biyu ya tashi da ƙishi. Kurɓa ɗaya ta isa. Leɓe ya kumbura, yawu ya yi ta dalala, maƙogwaro ya ƙone har ciki. Bayan makonni, lokacin da iyaye suka ɗauka ya warke, sai hanyar abincin ta tsuke saboda tabo, tuwo ya ƙi wucewa, sannan kunu, wani har yawunsa. Likitocin tiyatar yara a Afirka ta Yamma sun san waɗannan yaran sarai: ana ta buɗa maƙogwaro wata da watanni, wasu sai an huda ciki an sa roba ake ba su abinci.

Mai sana'ar sabulu ta jiƙa kostik a mazubi mai murfi da ba a taɓa shan ruwa da irinsa ba, ta rubuta a jiki ko ta ɗaura jan ƙyalle, ta kulle a inda yaro ba ya kaiwa. Mai shago kada ya ƙulla wani farin gari a leda ba suna. Mai saye ta ce bekin soda ta abinci take so, ta karɓi mai fakiti da rubutu da lambar NAFDAC. In garin ya zo ɓawo-ɓawo ko ƙwaya-ƙwaya, ko ya ɗumama ruwa da aka zuba shi, ba na kicin ba ne.

In kuma tsautsayi ya faɗa, yaro ya sha, kada a sa masa yatsa ya yi amai, don abin zai sake ƙona hanyar da ya bi. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi lemon tsami wai ya kashe ta. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke bakin daga waje da duk inda ta taɓa a fata ko ido da ruwa mai yawa, ido kam a yi ta zuba masa har minti ashirin. Sannan a ɗauki yaron da mazubin a nufi babban asibiti, ko da ana ganin bakinsa bai nuna komai ba.

Shugabar taro, a nan zan dakata don masu tambaya.